Ɓeran Rumbu da Sunan Gari: Tarihin Zazzaɓin Lassa

Duk wanda ya tashi a garin nan kafin zuwan talabijin ya san irin shagalin da yara kan yi da zarar an gama girbi, an kai dammuna gida, ciyawa ta bushe ƙayau. Mukan fita ƙungiya-ƙungiya da ’yan kulake da ashana da karnukan unguwa, mu cinna wa ciyawa wuta, mu toshe wannan rami mu haƙa wancan, duk abin da ya fito ya sha duka. Gafiya da kurege mukan babbake su a nan bakin gona mu raba, ɓera kuwa sai mun gama jagwalgwala shi da hannu sa’an nan mu jefa wa karnuka. In ban da macijin da kan kwana a ramin da ba nasa ba, babu wanda ya taɓa ce mana akwai abin tsoro a cikin wannan wasa. Iyayenmu ba su sani ba, malamanmu na firamare ba su sani ba, kai hatta likitocin Turai a wancan lokaci ba su sani ba.

Ba wai kakanninmu sun jahilci cewa cuta kan tsallako daga dabba zuwa mutum ba ne. Sun san mahaukacin kare sarai, sun san wanda ya ciza ba ya tashi in ciwon ya bayyana, shi ya sa ake yin gangami a kashe shi tun bai shiga gari ba. Sun guji mushe, mahauta na kirki kuma sun san hantar da ba a sayarwa. A zamaninmu ma mun ga murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, cikin watan Fabrairu na 2006, aka yi ta hallaka kaji ana binnewa. Masana sun ƙiyasta cewa a cikin cututtuka goma masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam, wajen shida daga dabbobi suke fitowa. Amma shi ɓera, abokin zamanmu na ɗaka da na rumbu, ba mu taɓa tuhumarsa da laifin da ya wuce sata da ɓarnar tufafi ba. Tarihin yadda aka gano babban laifinsa shi ne muke so mu kawo wa mai karatu a fitowar bana, domin labari ne da ya fara a wani gari mai kama da namu, ya kuma bar wa garin tabon da har yau bai goge ba.

Lassa gari ne na Margi, a kudancin Jihar Borno ta yau, cikin Ƙaramar Hukumar Askira/Uba, kusa da kogin Yedzeram. A 1969 yana cikin Jihar Arewa maso Gabas, ƙasa kuwa tana tsakiyar yaƙin basasa. ’Yan mishan na cocin Brethren, waɗanda suka fara sauka a Garkida a 1923, suna da ɗan asibiti a garin. Cikin ma’aikatan jinyar asibitin akwai wata dattijuwa Ba’amurkiya mai suna Laura Wine, wadda shekarunta sun doshi saba’in, ta riga ta yi ritaya a ƙasarsu ta zo ta ƙarasa ƙarfinta a nan. A watan Janairu na shekarar ta fara kukan ciwon baya da kasala da zazzaɓi. Likitan asibitin, John Hamer, ya yi abin da kowane likita zai yi a ƙasar sauro: ya ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro. Bai yi ba. Ya ba ta allurar fenisilin, ita ma ba ta yi ba. Makogwaronta ya yi gyambo, wuyanta ya kumbura, fitsari ya ɗauke, jini ya fara taruwa a ƙarƙashin fata. Da abin ya gagara sai aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama na mishan zuwa Jos, asibitin Bingham na ƙungiyar SIM, inda ta cika kafin watan ya ƙare.

Da a nan maganar ta tsaya, da an rubuta cewa wata tsohuwa ta mutu da zazzaɓin da ba a gane ba, kamar yadda dubbai suka mutu kafin ita. To amma a daren da aka kawo ta, wata nas mai suna Charlotte Shaw ta naɗe yatsanta da bandeji tana goge mata baki, alhali a ranar ta ɗan yanke a yatsan wajen tsinkar furanni. Bayan kwana takwas ko makamancin haka ita ma ta kwanta da irin wannan ciwo, ta rasu a tsakiyar Fabrairu. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta ga abin ya wuce na wasa, ta buɗe gawar don ta ga abin da ya kashe ta, babbar nas ɗin asibitin kuma, Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, ta taimaka mata. Mako guda bayan haka sai Pinneo ta kwanta.

A nan ne labarin ya bar ƙasarmu. Aka kai Pinneo Legas, ta yi kwanaki a wani ɗakin keɓe masu annoba, sa’an nan aka sa ta a jirgin fasinja zuwa birnin Niyok, an ciccire kujeru an kewaye ta da labule. Wani likita mai kula da lafiyar ’yan mishan, John Frame, shi ya karɓe ta, shi ne kuma ya aika da jininta da na matan nan biyu zuwa ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na Jami’ar Yale. Pinneo ta yi wajen mako tara a asibiti, ta rame, gashinta ya zube, amma Allah ya yi da sauran kwananta. A Yale kuwa, Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs suka gwada jinin da duk ƙwayoyin bairos da suka sani, ba ta dace da ko ɗaya ba. Sabuwa ce a wurinsu. Da aka duba ta da na’urar da ke girmama ƙananan abubuwa sai aka ga cikinta kamar an barbaɗa rairayi, abin da ya sa daga baya aka sanya ta cikin dangin da sunansu ya fito daga kalmar Latin mai ma’anar yashi. Aka raɗa mata sunan garin da mace ta farko ta kamu, kamar yadda al’adar masana take a wancan zamani.

Ƙwayar ba ta bar masu bincikenta sun sha ruwa ba. A watan Yuni na 1969 Casals da kansa ya kamu, ya kai gargara, sai da aka ɗebi ruwan jinin Pinneo aka ƙara masa, bisa tunanin cewa wanda ya warke yana ɗauke da garkuwa a jininsa. Ya tashi. A ƙarshen shekarar wani ma’aikacin ɗakin gwajin, Juan Roman, wanda ko aiki da ƙwayar ba ya yi, ya kamu ya mutu. Jami’ar ta tsorata, ta dakatar da duk wani aiki da rayayyiyar ƙwayar, aka tattara ta aka kai Atlanta, inda gwamnatin Amurka ke da ɗaki na musamman mai tsananin tsaro.

Ana cikin haka sai cutar ta sake tashi a Jos, a farkon 1970, daidai lokacin da yaƙin basasa ya ƙare mutane suna murna. Wannan karon a asibitin Evangel ne, wanda mutanenmu suka fi sani da Jankwano, kuma ’yan ƙasa ta kama. Wata mata aka kwantar a ɗakin marasa lafiya da zazzaɓi mai zafi, daga gare ta abin ya bi ta kan maƙwabtan gadonta da masu jinya da masu zuwa dubiya da ma’aikata. Fiye da mutum ashirin suka kamu, goma sha uku suka mutu. Dakta Troup, wadda ta riga ta ga abin da ya faru bara, ta sake ɗaukar wuƙa ta buɗe gawar ɗaya daga cikin mamatan don ta tabbatar da zarginta, wuƙar ta kuɓuce ta yanke ta a yatsa. Ta rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1970. Pinneo ta taso daga Amurka ɗauke da ruwan jininta don a ƙara mata, ta iso bayan an riga an binne ta. Ba ta koma ba; ta zauna ta taimaka wajen ɗibar jinin jama’a a Jos da ƙauyukan kewaye, ta ci gaba da aikin jinya a ƙasar nan shekaru masu yawa, ta rasu a ƙasarsu a 2012 tana da shekara 95.

Mai karatu zai lura cewa duk sunayen da muka ambata na Turawa ne. Ba mu muka zaɓi haka ba. Mutanen da suka mutu a gadajen Jankwano, da ’yan’uwansu da suka zo da kwanon tuwo suka koma da ajali, ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana ba da wannan labari. Wannan ba ya rage komai daga sadaukarwar matan nan, waɗanda suka mutu a kan aikin jinyar mutanenmu. Sai dai yana nuna mana wani abu game da yadda cuta ke samun suna a duniya: sai ta taɓa wanda ake iya ɗauka a jirgi a kai shi inda ake da na’ura.

Har zuwa wannan lokaci ba a san inda ƙwayar ke ɓuya ba idan ba ta cikin mutum. An zargi sauro, an zargi kaska, an zargi jemage. A 1972 cutar ta ɓulla a wani asibiti a Zorzor ta ƙasar Laberiya, ta kuma addabi yankin Panguma da Tongo a gabashin Saliyo, ƙasar masu haƙar lu’ulu’u, inda mutane suka cunkushe a gidajen da aka gina cikin gaggawa. Can ne wata tawaga ƙarƙashin Thomas Monath ta ɗana tarkuna a gidajen marasa lafiya da dazukan kewaye, ta kama ɗaruruwan ƙananan dabbobi, ta aika da naman jikinsu Atlanta. Aka sami ƙwayar a jikin nau’i guda, wani ɗan ɓera mai laushin gashi da masana ke kira Mastomys natalensis. Aka buga sakamakon a 1974.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan ɓera, domin duk sirrin cutar yana jikinsa. Ba baƙo ba ne da jirgin ruwa ya kawo. Ɗan ƙasa ne, yana ko’ina a Afirka kudu da Sahara. Abin da ya bambanta macensa da sauran ɓeraye shi ne yawan nonuwa, jeri biyu tun daga ƙirji har mara, waɗanda kan kai ashirin ko fiye. Haihuwa ɗaya takan zubo ’ya’ya goma zuwa sha biyu, kuma ba ta daɗewa take sake ɗaukar ciki. Da damina yana gona yana cin rabonsa tun hatsi na tsaye. Idan aka girbe aka kai gida, aka kuma bi daji da wuta kamar yadda muka saba, sai ya biyo abincinsa cikin gari, ya shiga rumbu da ɗakin girki da ƙarƙashin gado. Ƙwayar ba ta sa shi ciwo. Yakan ɗauke ta tun yana jariri, ya rayu da ita, yana zubar da ita cikin fitsari da kashi duk inda ya bi. Ya taka kan tuwon da aka bari a buɗe don ɗumame, ya yi fitsari a buhun gari, ya bi ta kan masara ko rogo ko barkonon da aka shanya a bakin kwalta. Mace ta zo da safe da tsintsiya ta share ɗaki, ƙura ta tashi ta shaƙa. Yaro ya kama shi da hannu mai ƙujewa, kamar yadda muka yi ta yi muna yara. Wannan ne dalilin da ya sa cutar ta fi tsananta daga Disamba zuwa Maris ko Afrilu, wato lokacin da rumbu ya cika, daji kuma ya ƙone. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mu ne muke tara masa abinci, mu kore shi daga gidansa, sa’an nan mu bar masa ƙofa a buɗe.

To, shin a 1969 cutar ta fara? Ko kusa. Tun a farkon binciken, da aka gwada jinin wasu tsofaffin ’yan mishan da suka taɓa yin zazzaɓi mai tsanani a Afirka ta Yamma shekaru kafin haka, an sami alamar cewa sun taɓa haɗuwa da ita. Sa’an nan a 2015 wata babbar tawagar masana, ciki har da Farfesa Christian Happi na Jami’ar Redeemer’s da likitocin Irrua da na Kenema, suka buga sakamakon nazarin ƙwayoyin halittar bairos ɗin da aka samo daga marasa lafiya da ɓeraye. Kamar yadda masanin nasaba ke bin salsala daga jika zuwa kaka, haka suka bi sauye-sauyen ƙwayar, suka ƙiyasta cewa asalinta a ƙasar da ake kira Nijeriya yau yake, fiye da shekara dubu da suka wuce, daga baya ne cikin ’yan ƙarnonin nan ta yaɗu zuwa Gini da Laberiya da Saliyo. Wato tun kafin a gina ganuwar Kano wannan ƙwaya tana tare da mutanen wannan yanki. Sau nawa aka ce mayu ne suka kama mai jego, sau nawa aka ce iska ce ta bugi gida guda ta ɗauke mutum uku a wata ɗaya, Allah kaɗai ya san adadin da ɓera ke da hannu a ciki.

Abin da ya ba ta damar ɓuya shekaru aru-aru shi ne ba ta da fuska tata ta kanta. Cikin mutum biyar da suka kamu, huɗu ba sa jin komai ko kuma su yi ɗan zazzaɓi su tashi. Wanda ta kama da gaske, bayan kwana shida zuwa ashirin da ɗaya da shigarta, zai fara da zazzaɓi da ciwon kai da kasala da ciwon makogwaro, abin da kowane mai kemis zai kira maleriya ko taifot ya ba da magani. Sai an shiga mako na biyu, fuska ta kumbura, amai da gudawa sun tsananta, wani lokaci jini ya fito ta hanci ko dasashi, sa’an nan ake farga, lokacin kuwa an makara. Idan aka haɗa duk masu kamuwa, wajen ɗaya cikin ɗari ke mutuwa, amma cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti adadin yakan kai goma sha biyar cikin ɗari ko fiye. Ta fi muni ga mace mai tsohon ciki, domin a mafi yawan lokuta ɗan ba ya rayuwa, uwar ma tana cikin babban haɗari. Cikin waɗanda suka warke kuma, kusan ɗaya cikin huɗu kan sami matsalar ji, wasu kunnen ya buɗe bayan ’yan watanni, wasu kuwa shi ke nan.

Wannan batu na kurumta yakan tuna mana da wani yaro da muka koyar a wata makarantar ƙauye a farkon aikinmu, ba da daɗewa da fitowarmu daga kwalejin horon malamai ba. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, shi ke karanta wa ’yan ajinsu allo. Aka tafi hutun ƙarshen shekara, ya kwanta zazzaɓi, ya dawo a zango na biyu ba ya jin kiran sunansa. Muka mayar da shi layin gaba, muka yi ta ɗaga murya, a ƙarshe mahaifinsa ya cire shi ya kai shi koyon ɗinki. Ba mu ce Lassa ce ta kama shi ba, domin sanƙarau ma yakan kurumtar da yaro, kuma lokacinsu ɗaya. Abin da muke cewa shi ne babu wanda ya ɗebi jininsa, babu ma inda za a kai jinin da an ɗiba. A littafin kiwon lafiyar da aka koyar da mu a kwaleji akwai sauro, akwai ƙuda, akwai ƙudan tsando da kurkunu, amma babin ɓera bai wuce ɓarnar hatsi da annobar da ta taɓa cinye Turai ba, alhali an riga an yi shekaru da gano abin da namu ɓeran ke ɗauke da shi.

Hanya ta biyu da cutar ke bi, wato daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da fitsari da sauran ruwan jiki, ita ce ta mai da asibiti wurin haɗari. A 1989 ta shiga wasu asibitoci biyu a Jihar Imo, mutum 34 suka kamu, 22 suka mutu, ciki har da likitoci da ma’aikatan jinya. Masu binciken da suka je, waɗanda suka haɗa da Oyewale Tomori da Abdulsalami Nasidi, sun gano cewa sirinji ɗaya ake yi wa mutane da yawa allura da shi, ana kuma yin tiyata ba tare da cikakkiyar kariya ba. A shekarar ce kuma wani ɗan Nijeriya mazaunin Amurka ya zo jana’izar mahaifiyarsa a yankin Ekpoma, ya koma ya mutu da cutar a Shikago. A Saliyo, Dakta Aniru Conteh, wanda ya shafe shekaru yana jagorantar ɗakin masu Lassa a asibitin Kenema har cikin yaƙin basasarsu bai gudu ba, allura ta soke shi yana ɗibar jinin wata maras lafiya, ya rasu a 2004. Mu ma nan kusa, a watan Janairu na 2020, likitoci biyu sun rasu a Kano bayan sun yi aiki a kan wata mai juna biyu da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Shekara hamsin cif tsakanin yatsan Dakta Troup da wannan, hanyar kuwa ɗaya ce.

Game da magani, a 1986 Joseph McCormick da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Saliyo, wanda ya nuna cewa maganin Ribavirin yana rage mutuwa idan aka fara shi cikin kwana shidan farko. Da shi aka dogara tun daga lokacin, ko da yake masana na baya-bayan nan sun sake duba wancan gwaji sun ce hujjarsa ba ta kai ƙarfin da aka ɗauka ba. Abin da babu jayayya a kansa shi ne wanda aka kai asibiti da wuri, aka ƙara masa ruwa, aka kula da ƙodarsa, ya fi samun damar tashi. Amma kafin a kai ga magani sai an san cutar, a nan kuwa ƙasarmu ta yi jinkirin da ba shi da uzuri. Sai a 2007 aka kafa cibiya ta musamman don bincike da yaƙi da cutar a Asibitin Koyarwa na Irrua, Jihar Edo, wadda ta fara gwajin jini a kai a kai. Kusan shekara arba’in ke nan ƙasar da cutar ke ɗauke da sunan garinta tana yawan aika jini ƙetare tana jiran amsa, amsar da kan iso bayan an yi sadakar bakwai.

Hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, an kafa ta a 2011, dokar da ta ba ta cikakken iko kuma aka sa mata hannu a 2018. Tun daga nan ne alƙaluma suka fara fitowa mako-mako. A 2018 an tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 600, 171 suka mutu. A 2020 waɗanda aka tabbatar sun haura 1,100, mamata 244. Wani zai ce cutar ƙaruwa take yi, wani ya ce ido ne ya buɗe; mu a ganinmu duka biyun ne, domin dakunan gwaji sun ƙaru, haka kuma gonaki sun ci daji, garuruwa sun cika da bola. Jihohin Ondo da Edo su suka fi yawan masu kamuwa, amma a shekarun da suka biyo bayan 2020 Bauchi da Taraba sun shiga sahun gaba, saboda haka wanda ke ɗaukar abin a matsayin ciwon masu shan garin kwaki na Kudu ya sake tunani. Waɗannan lambobi ma na waɗanda suka isa asibitin da ke iya aika jini ne. Na ƙauye da aka yi wa jiƙo, aka wanke gawarsa da hannu, aka binne kafin azahar, ba ya cikin lissafin kowa. A 2024 an fara gwajin wata allurar rigakafi a jikin masu sa kai a Abuja, mataki na biyu na gwaji, wanda shi ne karo na farko da wata allurar Lassa ta kai wannan matsayi.

Saura maganar suna, wadda mu ’yan ƙungiyar ci gaban gari ya kamata ta fi taɓa mu, tun da mun san abin da sunan mahaifa yake nufi ga mutum. Mutanen Lassa ba su ƙirƙiri cutar nan ba, ba a garinsu ta fara ba, ba su ne suka fi kowa fama da ita ba. Laifinsu kawai shi ne suna da asibitin da wata baƙuwa ta kwanta a ciki. Amma yau duk inda ɗan garin ya faɗi sunan mahaifarsa, daga Legas har Landan, abin da ke fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne ɓera da zubar jini. Masana da kansu sun gane kuskuren ba da jimawa ba. A 1976, da wata sabuwar annoba ta tashi a ƙauyen Yambuku na ƙasar Zayar, wadda ake kira Kwango yau, masu binciken sun zauna raɗa mata suna, ɗaya daga cikinsu ya tunatar da su abin da ya sami Lassa, sai suka duba taswira suka ɗauki sunan wani kogi da ke yankin, Ebola. Yambuku ta tsira da sunanta albarkacin darasin da aka koya a kan Margi.

A watan Mayu na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa’ida cewa kada a ƙara raɗa wa sabuwar cuta sunan gari ko ƙasa ko mutum ko dabba ko sana’a, shi ya sa annobar da ta rufe mana makarantu da kasuwanni a 2020 ba a kira ta da sunan birnin Wuhan ba. Sai dai ƙa’idar ta shafi cututtukan da za su zo nan gaba ne, ba ta taɓa sunayen da aka riga aka raɗa ba. Lassa tana nan inda take a gefen Yedzeram, da kasuwarta da makarantunta da manomanta, sunanta kuma yana fitowa a rahoton hukuma kowane mako na rani, a saman jerin mamatan wasu garuruwa.